Lissafin Gonar Dodanni: Abin da Ɗan Yamai Ke Biya Kafin Ta Yi Aiki

A fadojin Yamai, daga Bukoki zuwa Talaje har tsallaken gada a Harobanda, wasan ƙwallo da na harbe-harbe ne suka fi cin kasuwa a salular matasa. Amma a gefen tabarma ba a rasa yaro ɗaya ko biyu, galibi 'yan kwaleji ko lise, da suka sunkuyar da kai kan Minecraft, wasan nan da komai na cikinsa bulo ne mai kusurwa: ƙasa, dutse, ruwa, itace. A tsakaninsu akwai gini guda da ke raba gwani da ɗan koyo, wato gonar dodanni. Alkawarin da ke tattare da ita mai daɗin ji ne. Ka gina sau ɗaya, ka koma gefe ka naɗe hannu, dodanni su riƙa fitowa da kansu suna faɗawa rami suna mutuwa, kayansu na taruwa a akwati. Masu bidiyon koyarwa na cewa kyauta ce, kuma ba ta ƙarewa. Ni kam ina shakka, domin banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma yawancin gonakin da na ga an gina a wayoyin garin nan sun fi daɗewa a hannun gyara fiye da a bakin aiki. Shi ya sa nake so a zauna a yi lissafi.

Wasan kansa ba abin rainawa ba ne. Wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Markus Persson ne ya fara fitar da shi a 2009, cikakkensa ya fito a Nuwamba 2011, Microsoft ta sayi Mojang, kamfanin da ke yin wasan, a 2014 kan dalar Amurka biliyan 2.5, kuma a 2023 aka sanar cewa an sayar da kwafi fiye da miliyan 300. Yini da dare na wasan minti 20 ne gaba ɗaya. In dare ya yi, ko a duk inda duhu ya samu wuri, sai dodanni su fito: zombi, ƙwarangwal mai kwari da baka, gizo-gizo, da koren nan kiripa da ke laɓaɓowa ya fashe a jikin mutum. Kowanne na barin abinsa in ya mutu. Ƙwarangwal ya bar ƙashi da kibiya, gizo-gizo ya bar zare, kiripa ya bar albarushi, zombi ya bar ruɓaɓɓen nama. In kuma ɗan wasa ne ya kashe da hannunsa, yana samun makin gogewa, wanda da shi ake tsafe takobi da diga su ƙara ƙarfi.

Gonar da aka fi kwaikwaya ɗaki ne mai duhu, rufe ta ko'ina, da magudanan ruwa huɗu da suka haɗu a wani rami a tsakiya. Kowace magudana bulo 8 ce, don iyakar tafiyar ruwa ke nan a shimfiɗe. Zurfin ramin lissafi ne tsantsa. Zombi da ƙwarangwal da kiripa kowannensu ransa 20 ne, faɗuwa kuma na cire ɗaya a kowane bulo bayan ukun farko. Bulo 22 na barin dodo da rai ɗaya tak, bugu ɗaya ya isa, makin ya zama naka. Bulo 23 na kashe shi, kaya su faɗa mazurari su shige akwati, maki kuwa babu. Tsari ne mai kyan gani a takarda, kuma ban musa cewa yana aiki ba a inda aka ƙirƙira shi.

Kuɗin farko ana biyansa tun kafin a ɗora bulo ɗaya. Wasan na kwamfuta kusan yuro 30 ne, wato kusan jika 20 na CFA, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma jika 42 a farkon 2024. Rabin albashin wata ke nan, ba a ma yi maganar kwamfutar da za ta ɗauke shi ba. Saboda haka kusan duk wanda za ka gani yana buga shi a Yamai, a waya yake bugawa. Na wayar ya fi sauƙi, wajen dalar Amurka 7, sai dai biyan galibi yana bukatar katin banki, abin da ɗan lise ba shi da shi. Daga nan sai a koma ga kwafin bayan fage da ake turawa daga waya zuwa waya. Ban da haɗarin abin da aka cusa a cikinsa, kwafin nan yana da illar da ta shafi maganarmu kai tsaye: sau da yawa tsoho ne, kuma yaron da ke riƙe da shi bai san lambar fitowarsa ba. Dokokin dodanni kuwa suna sauyawa daga fitowa zuwa fitowa. Kafin sabuntawar 1.18 ta ƙarshen Nuwamba 2021, dodo na iya fitowa a wuri mai ɗan haske, matuƙar bai wuce mataki 7 ba. Daga 1.18 sai inda hasken fitila ya zama sifili. Wanda bai san wasan da ke hannunsa ba, bai san dokar da gonarsa ke bi ba.

Babbar matsalar ma tana gaba. Minecraft biyu ne masu kama ɗaya a ido. Akwai Java, na kwamfuta, akwai kuma Bedrock, na waya da na'urorin wasa. Launinsu ɗaya, dodanninsu ɗaya, amma injin da ke ƙarƙashi daban. A Java dodo na iya fitowa daga bulo 24 zuwa 128 daga inda kake tsaye, kuma wasan na barin kimanin 70 su rayu lokaci guda ga ɗan wasa ɗaya. A Bedrock abin ya dogara da saitin da ke faɗin nisan da duniya za ta riƙa motsi a kewayenka. In yana kan 4, mafi ƙanƙanta, wanda ƙananan wayoyi ke iya ɗauka, dodanni na fitowa ne tsakanin bulo 24 da 44 kawai, duk wanda ya wuce nan ya ɓace. Ban da haka Bedrock na ƙayyade yawansu yanki-yanki, da adadin da bai ko kusa da 70 ba, yana kuma ƙirga na sarari daban da na ƙarƙashin rufi. Manyan bidiyoyin da suka fi yawo, na Faransanci da na Ingilishi, da yawansu an ɗauke su ne a Java, a kan kwamfutoci masu ƙarfi. Yaron da ya kwafe su a Tecno ko Itel kamar wanda ya sayo kayan gyaran mota ne ya ce sai sun hau kabu-kabu.

Na ga wannan da idona a gidan 'yar'uwata a Lazare, wata yamma cikin watan Afrilu. Ɗanta na zaune a bakin ƙofa inda iska ke ɗan ratsawa, waya a hannu, igiyar caji a maƙale. Ya miƙo mini ya ce, "Kawu, don Allah duba mini. Na bi bidiyon nan bulo bayan bulo, amma ko dodo ɗaya bai faɗo ba." Bayan wayar ya yi zafi har sai da na sauya hannu. Gininsa tsaf, ba laifi a aikin hannu. Ya yi ɗakin, ya yi ramin, ya jera mazurarai, sannan ya gina doguwar hasumiya ya yi 'yar rumfa a can ƙololuwa, fiye da bulo 100 sama da gonar, domin haka mai bidiyon ya ce a yi. Na ce masa, "Yaro, buɗe saiti mu ga nisan." Yana kan 4. A duk daren da ya kwana yana jira a rumfar nan, gonar tana wajen da'irar da wasan ke kulawa da ita, babu abin da zai fito cikinta ko shekara zai yi. Muka sauko muka tsaya bulo 30 daga ɗakin. Zombi biyu suka faɗo, sai shiru. Ya fasa rufin ya leƙa, sai ga fitila guda da ya manta a bango tun lokacin da yake gini. Hasken fitila mataki 14 ne, yana raguwa da ɗaya a kowane bulo, saboda haka ita kaɗai ta haska mafi yawan ɗakin. Ya cire ta, ya rufe. Bayan ɗan lokaci ramin ya toshe, domin gizo-gizo ba ya faɗawa kamar sauran, bango yake kamawa ya maƙale ya tare hanya. Yaron ya kalle ni ya ce, "Kawu, mai bidiyon bai faɗi wannan ba." Bai faɗa ba kuwa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, kafin ya kawo mini wayar ya riga ya rushe sassa masu lafiya ya sake gina su, yana zaton can ne laifin yake. Nan ne gyara ke cin mutum. Gonar da ba ta aiki ba ta faɗin dalili. Shiru ɗaya take yi ko fitila ce, ko nisa ne, ko an bar wasan a matakin lumana inda dodanni ba sa fitowa sam, ko an shimfiɗa ƙasan da gilashi ko rabin bulo na ƙasa waɗanda dodo ba ya fitowa a kansu, ko kuma kogwannin da ke ƙarƙashi sun riga sun cika adadin. Kuma kowane gwaji sai an jira. Ka sauya abu ɗaya, ka koma mazauninka, ka zuba ido minti biyar ko goma, sannan ka yanke hukunci. Da yake fitowar dodanni sa'a ce, wani lokaci su zo da yawa wani lokaci kaɗan, gajeren jira na iya yaudararka ka ɗauka ka gyara alhali ba ka taɓa ciwon ba.

Ga kuɗin intanet. Minecraft kansa ba ya cin komai in kai kaɗai kake bugawa, amma koyon gonar bidiyo ne, bidiyo kuma shi ne abin da ya fi zuƙe forfe. Sa'a guda ta YouTube a hoton da za a iya ƙirga bulo a cikinsa na cin abin da ya kusa giga ɗaya. Ba a kuma kallon irin wannan bidiyo sau ɗaya. Ana tsayarwa, a koma baya, a sake. In gonar ta ƙi, sai a nemi wani bidiyon mai taken gyara, shi ma ya nuna wani tsarin daban da ke bukatar a rushe rabin na farko. Ko Airtel kake, ko Moov, ko Zamani, dala ɗarin da aka ba yaro ta karin kumallo takan ƙare a nan. Abin takaicin shi ne ilimin da ake bukata bai kai shafi ɗaya ba in da rubutu aka nema: nisa, haske, irin ƙasa, adadi. Karanta shi ba zai ci ko mega biyar ba.

Kayan ginin ba su ne masu tsada ba, gaskiya. Ɗaki mai faɗin bulo 20 a kan 20 na cin 400 a ƙasa, 400 a rufi, bango da rami su ƙara wasu ɗaruruwa, a ce 1,200 gaba ɗaya. Digar ƙarfe na ƙarewa bayan sara 250, ta dutse bayan 131, saboda haka diga biyar na ƙarfe ko tara zuwa goma na dutse. Kowane mazurari na cin curin ƙarfe biyar da akwati ɗaya. Wannan duk aikin yini ne. Wahalar tana wajen ɗora bulo a sama da babban yatsa a kan gilashin da gumi ya jiƙa. Kuskure ɗaya ka zame ka faɗo ka mutu, kayan da ke jikinka su watse a ƙasa, in ba ka iso su cikin minti biyar ba su ɓace.

Sai kogwanni, waɗanda masu bidiyo ke wucewa da jimla ɗaya: "ku haska kogwannin da ke kusa." Bari mu auna jimlar nan. Wasan ba ya fifita gonarka a kan kowane lungu mai duhu da ke cikin da'irar. In adadin ya cika da dodannin da ke tsaye a ƙarƙashin ƙasa, ɗakinka zai zauna fayau. A Java, dunƙulen da ke da bulo 128 ta kowace fuska ya ƙunshi bulo kusan miliyan 8.8. Sabuntawar 1.18 ta ƙara wa duniyar zurfin bulo 64, ta kuma kawo manyan kogwanni masu faɗin da ba a saba gani ba. Haska su duka aikin kwanaki ne, da ɗaruruwan fitilu, da gawayin yin su, da mutuwa a hanya. A waya da'irar ta fi ƙanƙanta, bulo 44 na ba da wajen 357,000, amma a nan ma adadin da aka yarda ya rayu kaɗan ne, 'yan dodanni a rami ɗaya da ba ka gano ba sun isa su kashe maka kasuwa. Mafita ita ce a gina can sama nesa da ƙasa, ko a kan teku. Ita ma da kuɗinta. A Java wasan na zaɓen tsayin da zai gwada fitar da dodo ne tsakanin gindin duniya da bulo mafi tsawo a wurin, don haka duk yadda gini ya ƙara sama, rabon da ke faɗawa kan ɗakin na raguwa. Teku kuma yana da nasa dodannin na ruwa da ke cin gurbi. Akwai ma wata ƙa'ida da ta fi ɓuya: a Java dodon da ya wuce bulo 32 daga gare ka yakan daina yawo bayan ɗan lokaci, ya tsaya cak. Gonar da ta dogara da dodo ya tako da ƙafarsa ya faɗa ruwa tana bukatar ka tsaya a siririn tsakanin 24 da 32.

A ce duk an tsallake waɗannan, gona ta kama aiki. Yanzu ne za a fara biyan kuɗin da ya fi damuna, domin shi ne wanda Yamai ke biya fiye da Faris ko Landan. Gonar ba ta aiki sai kana cikin wasan. A waya, da zarar ka fita ko allon ya mutu, duniyar ta tsaya. Ma'anar "tana aiki kana barci" ita ce waya a kunne, allo na ci, injin na juya dodanni da ruwa da kaya sau 20 a kowace daƙiƙa, igiyar caji a jiki, har asuba. Kamfanin Apple da kansa ya rubuta cewa an ƙera wayoyinsa su yi aiki tsakanin digiri 0 da 35. Batirin Tecno da Infinix da Itel ma lityum ne, zafi ne babban maƙiyinsa. A Afrilu da Mayu zafin Yamai na wuce digiri 40 da rana, ɗakin kwano kuma ba ya hucewa da wuri da dare. Waya mai caji tana wasa a irin wannan ɗaki, a kan katifa, tana tsufa da sauri. Da farko za ta riƙa rage gudu don ta kare kanta, wasan ya riƙa sarƙewa. Daga baya caji ya daina riƙewa, wani lokaci batirin ya kumbura ya ɗaga murfi. Masu gyaran waya na Babbar Kasuwa da Katako sun san wannan ciwo, kuma ba kyauta suke magance shi ba.

Ba zan ƙara gishiri a kan kuran ba. Batiri mai 5,000 mAh bai kai wat-awa 20 ba, cika shi ba ya motsa takardar NIGELEC. Kwamfuta mai jan wat 200 ce, in ta kwana sa'a takwas, ke cin kilowat-awa 1.6. Tsadar tana wajen samun wutar. Kafin Agusta 2023 wajen kashi 70 cikin 100 na lantarkin Nijar daga Najeriya yake zuwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli aka katse layin, aka shafe watanni ana rabon wuta unguwa-unguwa, sai da CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairu 2024. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 ta fara aiki a ƙarshen 2023, madatsar Kandadji kuwa har yanzu ana jiranta. Duk wanda ya yi bazara a garin nan ya san cajin waya abu ne da ake tattali. Sau da yawa ma wayar ba ta yaron ba ce shi kaɗai. Da ita uwa ke karɓar saƙon kuɗi, da ita ake kiran ɗan'uwa a Maraɗi ko Kwatano, ita ce fitilar gida in wuta ta ɗauke. In gonar dodanni ta shanye ta cikin dare, da safe wani ne zai biya. Akwai kuma asarar da ba ta da magani: wayar da ta mutu farat ɗaya tana tsakiyar ajiye wasa na iya lalata duniyar baki ɗaya, aikin watanni ya tafi, in ba a yi kwafin ajiya ba.

To, me ake samu? A nan ne nake so kowane mai niyyar gini ya ɗauki biro. Zuwa mataki na 30, inda tsafi mafi ƙarfi ke buɗewa, na bukatar maki 1,395. Kowane zombi ko ƙwarangwal ko kiripa na ba da 5. Dodanni 279 ke nan a karon farko. Amma tsafin na cire mataki uku ne kawai, kuma komawa daga 27 zuwa 30 maki 306 ne, wato dodanni 62. Wanda ke son tsafe takobi da diga da sulke guda huɗu bai bukatar dubban dodanni. Kuma makin ba ya taruwa kana barci, sai kana nan kana sara da hannunka. Abin da ke taruwa a akwati cikin dare kaya ne, kuma kashi mai yawa ruɓaɓɓen nama ne, wanda malamin ƙauye a wasan ke saye guda 32 kan zumurrudu ɗaya. Ƙashi yana da amfani, ɗaya na ba da taki uku. Kibiya ma haka, har zuwa ranar da ka samu tsafin baka mai sa kibiya ɗaya ta ishe ka. Albarushi shi ne abin da manyan 'yan wasa ke gina gona dominsa, saboda rokar tashi sama da fukafukai, amma fukafukan suna can duniyar ƙarshe bayan an kashe babban dodon wasan, inda yawancin masu buga shi a ƙaramar waya ba su taɓa zuwa ba. Ban da haka maki na zuwa ta wasu hanyoyi da ba sa bukatar gini: narka ƙarfe a tanda, haƙar ma'adinai, ciniki da mutanen ƙauye. In aka ɗora wannan riba a kan forfe da batiri da daren da aka hana ido barci, a watannin da ake shirin BEPC da BAC, ban ga kwalliya ta biya kuɗin sabulu ba.

Masu kare abin suna da hujja, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Suna cewa yaro na koyon tunani: ya ga matsala, ya yi zato, ya gwada, ya gyara. Suna kawo misalin Minecraft na makarantu da aka fitar a 2016, da shirin Block by Block da Mojang ta fara da hukumar UN-Habitat a 2012, inda mazauna unguwa ke zana filin wasansu a cikin wasan kafin a gina shi da gaske, kamar yadda aka fara a Kibera ta Nairobi. Na yarda wasan na iya zama makaranta. Na ga hasken da ya bayyana a fuskar ɗan 'yar'uwata lokacin da ya gane cewa 22 ba lambar tsafi ba ce, 19 ce aka ƙara wa 3, kuma daga ranar ya iya lissafa wa gizo-gizo mai rai 16 nasa ramin da kansa. Wannan ilimi ne na gaske, ina kuma son yaranmu su same shi. Amma ya same shi ne a minti biyar na bayani, bayan ya ɓata makonni yana kwafar ginin wani. Kwafa bulo bayan bulo ba ta koyar da dalili, shi ya sa in gini ya ƙi yaro ba ya sanin inda zai duba, sai ya rushe mai kyau ya bar maras kyau. Waɗanda ke zana filin unguwarsu a Kibera suna warware matsalar da ke gabansu ne, da ma'aunin wurinsu. Yaron da ke bin tsarin Java a Itel yana warware matsalar wani mutum ne a wata ƙasa, da na'urar da shi ba shi da ita.

Akwai hanya mai arha da ba a cika yi wa talla ba, domin ba ta da kyan hoto. A ƙarƙashin ƙasa ana samun 'yan ɗakuna masu gansakuka da keji a tsakiya, wanda ke fitar da zombi ko ƙwarangwal ko gizo-gizo. Kejin nan na aiki ne in kana cikin bulo 16 daga gare shi, yana fitar da dodo har huɗu a kowane daƙiƙa 10 zuwa 40, kuma ba sai ka haska kogwannin duniya ba kafin ya yi. Ka faɗaɗa ɗakin, ka zuba ruwa ya kora su gefe guda, ka haƙa rami, ka tsaya. Bulo kaɗan, bokiti biyu, mazurari ɗaya ko biyu. Yana da jinkiri in aka gwada shi da manyan gonakin bidiyo, amma dodanni 62 ba su fi ƙarfinsa ba, kuma yana aiki a Java da Bedrock duka. Ƙaramar waya na ɗaukarsa ba tare da ta yi zazzaɓi ba.

Hukuncina ke nan: babbar gonar dodanni ba ta dace da mai buga Minecraft a waya a Yamai ba, ribarta ba ta kai abin da take ci ba. Ƙanena mai niyyar gini, kafin ka ɗora bulo na farko ka duba lambar wasan da ke hannunka, ka tabbatar Bedrock ne ko Java, ka buɗe saiti ka ga nisan da wayarka ke rayawa, sannan ka rubuta yawan makin da kake bukata a takarda. In gonar da ka riga ka gina ta ƙi aiki, kada ka rushe komai sai ka auna tazarar da ke tsakaninka da ita, ka leƙa ko akwai fitila, ka kuma sauya abu ɗaya kawai a kowane gwaji. Ka riƙa yin kwafin duniyarka. Iyaye kuma, ba na ce a ƙwace waya ba, ku tambayi yaro ya bayyana muku dalilin zurfin raminsa, in ya iya, wasan na amfanarsa. Amma kada a bar waya ta kwana a caji tana wasa a kan katifa cikin bazara.